Zazzaɓi na Biyu: Yadda Mura Ke Buɗe wa Bakteriya Ƙofar Huhu

Idan hunturu ya kankama a Katsina, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, akwai labari guda da ma'aikatan sashen yara ke ji har sun haddace shi. Yaro ya kwana uku ko huɗu yana mura, ga majina ga tari ga zazzaɓi. Jiki ya yi sanyi, ya fara karɓar kunu, har ya koma wasa a tsakar gida. Ana cikin hamdala, a kwana na shida ko na bakwai, sai zazzaɓi ya dawo da zafin da ya fi na farko, numfashi ya koma sama-sama, haƙarƙari na lotsawa. A gida za a ce murar ce ta dawo, ko sanyi ne ya shige shi don an yi masa wanka. Sau da yawa ba haka ba ne. Cuta biyu ce, kowace da ƙwayarta: ta farko bairos, ta biyu bakteriya. Kuma ta farkon ce ta share wa ta biyun hanya.

Hausa ta haɗe su duka ta kira su ƙwayoyin cuta, shi ya sa bambancinsu ke ɓacewa, alhali a kansa maganar ta rataya. Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta. Tana ci, tana girma, tana rabewa biyu, wani lokaci cikin minti 30 kacal, kuma faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Bairos ɗin mura mai tsanani, wadda ake kira infuluwenza, ya fi ta ƙanƙanta sau goma, kuma ba ya iya komai shi kaɗai. Sai ya kutsa cikin ƙwayar jiki, wato ɗan tubalin da aka gina naman mutum da shi, ya karɓe aikinta ya sa ta ƙera masa ire-irensa. Cikin awa 6 zuwa 8 sababbi sun fara fitowa, ɗaruruwa ko dubbai daga ƙwaya guda, ita kuwa ta mutu. Magungunan antibayotik, irin su amoksisilin da Septrin, bangon bakteriya ko injinta suke kai wa hari. Bairos ba shi da ko ɗaya, don haka maganin ba ya samun abin kamawa a jikinsa.

Bakteriyar da ke kwantar da yaron kuwa ba baƙuwa ba ce. Da ɗan gari a kan ci gari. A can bayan hanci, inda ya haɗu da maƙogwaro, akwai mazauna da yawancin yara ke ɗauke da su ba tare da ciwo ba. Babbarsu ita ce numokokas, wadda likitoci ke rubutawa Streptococcus pneumoniae. A binciken da aka yi a ƙauyukan Gambiya, an same ta a hancin fiye da kashi 80 cikin 100 na jarirai. Sai Haemophilus influenzae, sai stafilokokas da ke hancin kusan mutum ɗaya cikin uku, sai meningokokas mai kawo sanƙarau. Suna zaune cikin wata yauƙi da suka gina wa kansu, a manne da juna, ba su da hanyar sauka huhu. Me ke hana su?

Baligi na shaƙar iska kimanin lita 10,000 a yini, da duk ƙurar da ke cikinta. Bututun da iskar ke bi an yi masa yaɓe da ƙwayoyin jiki, layi ɗaya tak, a ɗinke da juna ta yadda ko ruwa ba ya ratsawa yadda ya ga dama. A kan yawancinsu akwai 'yan gasu kusan 200, suna kaɗawa fiye da sau goma a daƙiƙa, duk zuwa sama. Bisa gasun akwai shimfiɗar majina. Duk abin da ya faɗa cikinta ya maƙale, gasun su tura shi sannu a hankali, 'yan milimitoci a minti, har maƙogwaro, a haɗiye shi, ruwan ciki ya ƙone shi. Abin da ya tsallake wannan shara ya isa 'yan jakunkunan iska na ƙasan huhu, waɗanda yawansu ya kai miliyan 300 zuwa 500, zai tarar da masu gadi da ake kira makrofej, ƙwayoyin da aikinsu haɗiye duk baƙon da suka gani. Da wannan tsari mai lafiya ke shaƙar numokokas cikin barci ya tashi garau.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan shi ne ɓarna ta farko, kuma ita ce mafi sauƙin ganewa. Infuluwenza na kama ƙwayoyin nan masu gashi. Cikin kwana biyu zuwa uku tana kashe su da yawa, su ɓanɓare su bar fili. Shara ta tsaya, majina ta taru ta kwanta, abin da ke hanci ya fara gangarowa. A wurin da yaɓen ya zube, daɓen da ke ƙarƙashi ya fito sarari, wanda aka saƙa da sinadarai irin su fibronektin da laminin da kolajin. Stafilokokas da numokokas suna da ƙugiyoyi a jikinsu da suka dace da waɗannan sinadarai kamar makulli da kwaɗo. A lafiyayyen bututu ba sa ganin daɓen. Gyaran wurin kuma ba na kwana ɗaya ba ne, yana ɗaukar mako biyu zuwa wata guda, kuma sababbin ƙwayoyin da ke zuwa cike gurbi suna fara rayuwa ba gashi. Wannan ne dalilin tarin da ke bin mutum makonni bayan murar ta tafi.

Ko bairos ɗin mura ta yau da kullum, rainobairos, wanda ba ya kashe ƙwayoyi sosai, yana da tasa ɓarnar: yana warware ɗinkin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, har Haemophilus ta samu ta zurara ta tsakaninsu.

Amma karin maganar ta tsaya a rabin hanya, domin ƙadangarenta tsaga kawai ya samu. A nan har tsani ake kafa masa, a ajiye masa abinci. Fuskar kowace ƙwayar jiki a lulluɓe take da wasu dogayen sarƙoƙi na sukari, kuma a ƙarshen kowace sarƙa akwai wata hula da ake kira sinadarin siyalik. Da wannan hular infuluwenza ke kama ƙwaya ta shiga. Idan 'ya'yanta sun tashi fita sai su maƙale a hular, don haka bairos ɗin na ɗauke da almakashi, nuraminides, wanda shi ne harafin N da ke cikin sunaye irin su H1N1. Almakashin na yanke hulunan don 'ya'yan su kuɓuce. Abu biyu ke biyo baya. Wuraren da hula ta rufe sun buɗe, kuma wasunsu su ne ainihin inda numokokas ke kamawa. Hulunan da aka yanke kuma sun zube cikin majina, numokokas na cinsu kamar hatsi. An nuna a gwajin ɓeraye a 2014 cewa wannan siyalik da mura ta saki yana sa numokokas ta yaɗu da sauri a hanci, ta kuma fi yawan gangarawa huhu. Tun kafin nan, a 2003, an ga cewa idan aka ba ɓeraye maganin oseltamibir, wanda ke daƙushe almakashin, bakteriya ba ta manne wa huhunsu kamar da, kuma da yawa sun tsira daga namoniya ta biyu.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne wanda ƙwayar jiki ke yi wa kanta. Idan bairos ya shige ta, ko ta ji maƙwabciyarta na kuka, takan fito da wasu maratayai a fuskarta don dakarun jini su samu abin kamawa idan sun iso. Sunayensu a wurin masana ICAM-1 da CEACAM1 da PAFR. Niyyar kirki ce, amma bakteriya ta daɗe da sanin wannan ƙofa. Ɗauki PAFR. An yi shi ne don ya karɓi wani saƙon jiki mai ɗauke da sinadarin fosfokolin. Numokokas da Haemophilus sun yi wa bangonsu ado da wannan fosfokolin ɗin, sai su zo kamar 'yan aike. PAFR ya kama su, ƙwayar ta lanƙwasa fatarta ta haɗiye su cikin 'yar jaka, kamar yadda take yi wa saƙon gaskiya, ta kuma ratsa da su ta sauke su a ɗaya ɓangaren, inda jijiyoyin jini suke. An fara bayyana wannan dabara ta numokokas a 1995. Ma'anarsa ita ce bakteriya ba ta buƙatar fasa ƙwaya. Ƙwayar da ke cikin kumburi ita ke ɗaukarta ta ƙetarar da ita. CEACAM1 kuwa shi ne marikin da meningokokas da Haemophilus ke so, kuma kumburi na ƙara yawansa. Bairos ɗin RSV, wanda ke sa jarirai shesshekar numfashi, ya ma wuce nan: yana dasa wani furotin nasa a fuskar ƙwayar da ya kama, numokokas ta manne kai tsaye a kansa.

Su kansu mazaunan hanci suna jin canjin yanayi. An nuna a 2013 cewa zafin jiki na zazzaɓi, da sinadaran da ƙwayoyin da suka fashe ke zubarwa, suna sa numokokas ta bar yauƙin da take kwance a ciki ta watse. Wadda ta watse ɗin ba ɗaya take da wadda ke kwance ba, ta fi fitar da dafi, ta fi iya shiga jini.

Saura masu gadi, kuma a nan ne amsar tambayar da iyaye ke yi take: me ya sa sai da yaron ya samu sauƙi? Jiki na yaƙar bairos da wani saƙo mai suna intaferon. Nau'i na farko na fitowa a kwanakin farko. Yana hana bairos yaɗuwa, amma yana rage kiran da ake yi wa nutrofil, fararen ƙwayoyin jinin da su ne sojan yaƙi da bakteriya. Wajen kwana na bakwai, dakarun da suka ƙware a kan bairos sun cika huhu suna zubar da wani nau'in, intaferon gama. Shi ke gama da bairos, zazzaɓi ya sauka. Shi ne kuma ke sa makrofej ta janye wani hannu da ake kira MARCO, wanda da shi take cafke numokokas. Wato ranar da jiki ya ci bairos da yaƙi ita ce ranar da ya fi rauni a gaban bakteriya. A wani gwajin ɓeraye an tarar da kusan kashi 90 cikin 100 na makrofej ɗin huhu sun ɓace cikin makon farko na infuluwenza. Bayan haka jiki na sakin saƙonnin kwantar da tarzoma don kada kumburi ya cinye huhu, makrofej ɗin da suka rage kuma su yi makonni kunnensu bai buɗe sosai ba.

Gwajin da ya fi fito da muhimmancin jeri shi ne na asibitin St. Jude da ke Memfis a Amurka, a 2002. Ɓerayen da aka ba infuluwenza, bayan kwana bakwai aka ba su numokokas, duk sun mutu. Da aka juya jerin, numokokas ta riga, duk sun rayu. Ƙwayoyin cutar iri ɗaya, adadi ɗaya. Ɓera ba mutum ba ne, kuma wasu daga cikin waɗannan hanyoyi sun fi ƙarfi a wani irin ɓera fiye da wani, don haka bai kamata a ɗauki kowane adadi a liƙa wa ɗan Adam ba. Amma tarihin mutane ya tafi a kan layi ɗaya da su.

A 1892 wani Bajamushe, Richard Pfeiffer, ya yi ta samun wata bakteriya a kakin masu infuluwenza, har ya yanke cewa ita ce sanadin cutar. Kuskuren ya zauna a sunanta har yau, Haemophilus influenzae. Ba ita ba ce, mai biyo sawu ce. A 1931 wani mai bincike Ba'amurke, Richard Shope, ya nuna a jikin aladu cewa bairos shi kaɗai ciwo mai sauƙi yake kawowa, bakteriyar ita kaɗai kusan ba komai, amma haɗinsu na kwantarwa. Sai 1933 aka ware bairos ɗin infuluwenzar mutane a Ingila. Annobar 1918, wadda ta sauka Legas a watan Satumba ta biyo layin dogo zuwa Arewa, an ƙiyasta ta kashe kusan rabin miliyan a Najeriya da wajen miliyan 50 a duniya. A 2008 masu bincike a Amurka, cikinsu har da likitan cututtuka masu yaɗuwa Anthony Fauci, suka sake duba naman huhun mutum 58 da aka adana tun lokacin, tare da rahotannin binciken gawa 8,398. Hukuncinsu shi ne mafi yawan mamatan namoniyar bakteriya ce ta ƙarasa su.

Hujjar da ta fi kusa da mu daga Soweto ta zo, a Afirka ta Kudu. An gwada rigakafin numokokas a kan jarirai kusan 40,000. Allurar ba ta taɓa bairos ko kaɗan. Duk da haka, a sakamakon da aka fitar a 2004, ta rage kwanciya asibiti da namoniyar da aka samu bairos a cikinta da kashi 31 cikin 100, wadda ta shafi infuluwenza kuma da kashi 45. Ke nan wani babban kaso na abin da ake rubutawa namoniyar bairos da hannun bakteriya a ciki.

Ba kowane bairos ke buɗe ƙofa daidai da ɗan'uwansa ba. A lokacin korona, nazarin da aka tattara a 2020 ya nuna kimanin kashi 3.5 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka kwantar suka iso da bakteriya tare, amma fiye da kashi 70 sun sha antibayotik. Ga yawancinsu maganin tsagwaron asara ne.

Ƙyanda ita ce ta fi kowa iya wannan aiki, kuma ita ce ta fi shafar gidajenmu. Ba ta tsaya ga yaɓen bututu ba. Tana shiga ƙwayoyin garkuwar jiki masu riƙe da tarihin duk cutar da yaro ya taɓa yi ko aka yi masa rigakafinta, ta kashe su. A 2019 an auna jinin yara 77 marasa rigakafi a ƙasar Holan, kafin ƙyanda da bayanta, aka tarar sun rasa tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na nau'o'in kariyar da suke da su. Jiki ya manta abokan gabansa, kuma wannan mantuwa na iya kai shekara biyu zuwa uku. Ga shi tana ƙone bitamin A, wanda da shi ake gyara yaɓen ido da hanji da huhu. Shi ya sa yaron da baƙon dauro ya sauka a kansa ba kasafai ƙurajen ke kashe shi ba, namoniya ce ko gudawa. Idan kuma da tamowa, gyambon baki na iya rikiɗa ya zama noma, cutar da ke cinye kunci da leɓe, wadda saboda ita aka gina asibiti na musamman a Sakkwato. Ɓoye mai ƙyanda a ɗaki, a rufe taga, a hura garwashi, a hana shi wanka, ƙara wa huhu hayaƙi ne a lokacin da sharar cikinsa ta tsaya. Abin da yake buƙata bitamin A ne kashi biyu, yau da gobe: IU (ma'aunin da ake auna bitamin da shi) 50,000 ga wanda bai kai wata 6 ba, 100,000 daga wata 6 zuwa 11, 200,000 daga shekara guda.

Yanayinmu ma na taimaka wa bairos. Iskar hunturu da ke ɗebo ƙura daga kwarin Bodele na Chadi busasshiya ce ƙwarai, danshinta na iya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. A Jami'ar Yale, a 2019, an ajiye ɓeraye a iska mai irin wannan bushewa aka ba su infuluwenza: gasunsu sun rage kaɗawa, gyaran yaɓe ya yi jinkiri, sun fi mutuwa. Katsina da Daura na cikin zirin sanƙarau da ya taso daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tashi da rani, ta yi ƙamari a Maris da Afrilu, ta lafa da saukar damina. Meningokokas na maƙogwaron mutane rani da damina. Abin da ke canjawa da rani shi ne maƙogwaron: ya bushe, ƙura ta kankare shi, mura ta bi ta kai, ga kwana a cunkushe. A annobar Chadi ta 1988 an samu masu sanƙarau sun fi sauran jama'a ɗauke da ƙwayoyin mura a hanci. Mu ma mun ga 1996, lokacin da mutum fiye da 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, da kuma 2017 da nau'in C na meningokokas ya ratsa Zamfara da Sakkwato da Katsina.

Mai karatu zai ce, to tunda bakteriya na tafe, me zai hana a tare ta da antibayotik tun ranar farko? Haka ake yi a kemis da yawa, kuma hankali ya so ya yarda, amma lissafin bai fita ba. Mafi yawan mura na warkewa ba tare da komai ya biyo baya ba. Wani babban nazari a Birtaniya a 2007 ya nuna sai an ba mutum fiye da 4,000 masu mura ko ciwon maƙogwaro antibayotik kafin a hana mummunan ciwo guda ɗaya. Maganin ba ya mayar da gashin da ya zube, ba ya janye maratayan da suka fito, ba ya tada makrofej. Abin da yake yi shi ne kashe mazaunan hanci masu sauƙin kisa ya bar masu taurin kai, kuma galibi kwalbar ta ƙare a kwana na uku ko na huɗu, kafin ranar haɗarin ta zo. Idan namoniyar ta zo, da waɗanda suka tsira za ta zo. Majina ta koma kore ko ɗorawa ma ba hujja ba ce. Launin daga wani sinadari ne da ke cikin nutrofil, kuma yana fitowa a murar bairos zalla. Mafi muni shi ne haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda da deksametason ko firednisolon a ciki: suna saukar da zazzaɓi, suna kuma ƙara danne garkuwar da ta riga ta durƙusa.

Akwai waɗanda hukuncinsu daban ne, kuma likita ke yanke shi: mai sikila, domin saifarsa da ke tace numokokas daga jini ta lalace tun yana ƙarami, da yaro mai tamowa mai tsanani, da mai ɗauke da HIV, da jaririn da bai kai wata biyu ba, da tsoho mai ciwon ƙirji. Zazzaɓi a jikin waɗannan ba a jiran kwana bakwai.

Ga sauran, aikin gida sa ido ne, musamman daga kwana na biyar zuwa na goma sha huɗu, kuma agogon waya ya isa. A bari yaro ya natsu, ba yana kuka ko shan nono ba. A ɗage riga, a ƙirga ɗagawar ciki minti guda cur. Masu ƙirga daƙiƙa 15 su ninka sau huɗu suna kuskure, don numfashin jariri ba ya tafiya daidai. Ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Idan ya kai, a sake ƙirgawa, idan ya tabbata a tafi asibiti a ranar. A kuma duba ƙasan ƙirji: idan yana shigewa ciki lokacin da yaron ke jan iska, huhun ya yi tauri. Kasa sha ko kama nono, amai da duk abin da aka ba shi, jijjiga, barcin da ba a iya tada shi, sanƙarewar wuya, ko kumburin maɗiga, waɗannan ba sa jiran gari ya waye. Kunne ma na cikin lissafi, domin mura na toshe ɗan bututun da ya haɗa shi da maƙogwaro, ruwa ya taru, bakteriya ta hau. Yaron da ke jan kunne yana kuka da dare bayan mura, a duba masa.

A asibiti za a yi gwajin maleriya, kuma daidai ne. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tsaya nan idan ya nuna akwai. Yaro na iya ɗauke da maleriya da namoniya a lokaci guda, maganin ɗaya kuma ba ya taɓa ɗaya. Na'urar da ake maƙalawa a yatsa idan ta nuna iskar jini ƙasa da kashi 90 cikin 100, kwanciya ce da oksijin. Namoniyar da ba ta kai nan ba, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce amoksisilin miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin yaro, sau biyu a yini. Da ƙwayar nan mai narkewa a ruwa ta miligiram 250, wannan na nufin ɗaya safe ɗaya yamma ga mai kilo 4 zuwa ƙasa da 10, biyu-biyu ga mai 10 zuwa ƙasa da 14, uku-uku ga mai 14 zuwa 19, yawanci kwana biyar. Yawan kashin da gangan ne, don ya rinjayi numokokas mai ɗan taurin kai. Rabin kashi, ko tsayawa a kwana na biyu don jiki ya yi sanyi, shi ke dawo da yaro da mugunya a ƙirji.

Idan an kwana biyu zuwa uku ana shan maganin daidai amma zazzaɓi bai sauka ba, abu biyu ake fara zargi. Ko stafilokokas ce, wadda yawancinta ke fitar da sinadarin da ke karya amoksisilin, kuma nau'inta na Afirka ta Yamma na yawan ɗauke da dafin PVL mai huda huhu cikin gaggawa, sai an canja zuwa allurar da ta dace da ita. Ko kuma mugunya ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari, inda magani ba ya isa sosai, sai hoton ƙirji ya nuna, a sa roba a zuƙe.

Rigakafi na datse sarƙar ta kai biyu. Allurar penta mai kare cututtuka biyar, da ta shigo jadawalin rigakafin Najeriya a 2012, tana ɗauke da kariyar Haemophilus nau'in b. Ta numokokas ta fara shigowa a ƙarshen 2014. Duka biyun ana yin su a mako na 6 da na 10 da na 14, kuma ta numokokas har yawan masu ɗauke da nau'o'in da ta ƙunsa a hanci take ragewa, don haka kakan da ke gida ɗaya da jaririn ma ya amfana. Ta ƙyanda a wata 9, a maimaita a wata 15, kashi na biyun kuwa shi ne wanda iyaye suka fi mantawa. A 2024 Najeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kare nau'i biyar, A da C da W da X da Y. Yaron da ya tsallake wani kashi ba a sake masa daga farko, a ɗauki katinsa a kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a ɗora daga inda aka tsaya.